Bakancen Gashe Atnafu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki ɗaki ɗaya da Gashe Atnafu a wata 'yar maɗaba'a da ke unguwar Piyasa a Addis Ababa, ban taɓa ganin ya sha kofi a zaune ba. A tsaye zai karɓa, ya kurɓa sau biyu, ya ɗora a kan ƙunshin takarda ya manta da shi, ya nufi taga da wani shafi a hannu. Daga taga zuwa injin bugawa, daga inji zuwa bayana, yana huci a wuyana yana karanta abin da nake tsarawa. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba, sau nawa na ce masa, "Gashe, ku ja baya mana in sha iska."

Tolcha mai injin bugawa ya fi ni iya tsokanarsa.

"Gashe, ranar da za a binne ku sai mun ɗaure akwatin da igiya. In ba haka ba tashi za ku yi ku duba rubutun kan kabarin."

"In kai ka buga shi, ai dole in tashi."

A wani ƙauye na yankin Gojjam aka haife shi. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi makarantar coci, hannun wani malami mai rubutu a kan fata. Can ya koyi fiƙe alƙalamin kara da dama tawada, can kuma ya koyi abin da ya riƙe har tsufa: a littafin addu'a, sunan Allah da na Maryam da na mala'iku ba a rubuta su da baƙi, sai da ja. Yana da sha shida ya shigo Addis Ababa da ƙafa ba takalmi, ya samu aikin jera haruffan dalma. Haruffanmu na fidel sun haura ɗari biyu, kowane da gurbinsa a akwati, amma hannunsa ya haddace su har yana jerawa yana hira. Da kwamfuta ta shigo, sa'o'insa suka watse, wani ya koma gadi, wani ya koma ƙauye. Shi ya haura hamsin, ya tsaya kai da fata sai da ya koya da yatsu biyu, yana dukan madannai har ana ji daga titi.

Manhajar da muke tsara shafuka da ita ba ta wani kamfani ba ce. Kyauta ce, kuma ɓangaren da ya san fidel wasu 'yan ƙasarmu ne suka rubuta shi don kansu, malamai da ɗalibai, wani a nan, wani a ƙasashen sanyi, ba mai biyansu. Ita ce ke tsamo sunaye masu tsarki daga cikin rubutu ta kai su farantin ja, sauran ta bar su a farantin baƙi, a buga ɗaya bayan ɗaya. Duk bayan 'yan watanni sai su fitar da sabuntawa. Niyyarsu mai kyau ce, ban taɓa musun wannan ba, amma sukan gyara ƙofa su ɓalle taga. Sau ɗaya abin ya taɓa cizon Gashe, lambobin shafi suka rikice masa a wani littafi. Tun daga ranar ya haɗa shafuka arba'in a wata koriyar jaka, kowane shafi da irin tarkon da ke cikinsa. Duk sabuntawar da ta fito, sai ya fara saka ta a tsohuwar kwamfutar da ke kusurwa, ya fitar da shafukan nan arba'in, ya ɗora kowane a kan tsohonsa a jikin gilashin taga ya duba ko ɗigo ya gusa. Kwana biyu cur yake ci masa. Ni a lokacin gani nake tsufa ne kawai da son wahalar da mutane.

Kada a ɗauka ba ma shiri. Ni Musulma ce 'yar yankin Wollo, shi ne ya share mini lungu a bayan takardu don sallah, kuma in na kabbarta shi ke korar Tolcha kada ya gifta ta gabana. "Lubaba, 'yata," haka yake kirana ko yana cikin faɗa.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya ɗaya ta bar masa, Sinidu. Shekara bakwai kafin abin da zan ba da labari, Sinidu ta kwanta ciwo har likitoci suka fara kauce wa idonsa. Ya je ƙofar coci ya yi wa Maryam bakance: in ta tashi, zai kai littattafan addu'ar Maryam ɗari uku cocin ƙauyensu, inda jama'a ke karɓa-karɓa da guda biyar yagaggu. Ta tashi. Sai dai cika bakancen ya ja lokaci. Ya ƙi farar takarda mai sheƙi, sai wata mai kauri mai ruwan madara wadda ba kullum ake samunta ba, yana tarawa kaɗan-kaɗan. Rubutun ma shi ya buga da yatsunsa biyu a lokacin cin abincin rana. Jinkirin yana cin ransa. Yakan ce, "Na sa ta jira, 'yata. Ita ba ta sa ni jira ba." A wannan shekarar ya rantse zai kai su ranar idin Maryam, ashirin da ɗaya ga watan Tir na kalandarmu. Ga shi Sinidu na da ciki wata takwas, kuma a wurinsu mai naƙuda Maryam take kira.

Ya duba littafin sau uku, ya sa hannu. Kashegari maƙwabcinsa ya rasu. Gashe na cikin shugabannin idir ɗin unguwarsu, ƙungiyar da ke kafa rumfa ta ɗauki ɗawainiyar makoki, don haka kwana uku ba shi ba maɗaba'a. Yana fita ya dawo, ya sake fita ya sake dawowa.

"Ranar Alhamis ki fitar da farantan ki ba Tolcha. Kada ki taɓa komai."

"Na ji, Gashe."

"Komai, Lubaba."

"Wayyo, na ce na ji! Ku tafi kada a binne mutumin ba ku."

A makon ne wata makaranta ta kawo takardun jarrabawar lissafi. Manhajar da muke da ita tana hargitsa alamomin lissafi in sun haɗu da fidel, ga shugaban makarantar tsaye a kaina yana duba agogo. Na san sabuntawar da ta fito a watan ta gyara wannan. Na kalli koriyar jakar, na tuna kwana biyu a jikin taga, na ce a raina wa zai sani. Na danna. Minti bakwai ta gama shiga. Takardun jarrabawa suka fito tsaf, har mutumin ya yi mini godiya sau biyu.

Ranar Alhamis na fitar da farantan Gashe. Farantin baƙi dama cike yake da gurabu inda ja zai zauna, don haka gurbi bai ɗaga wa kowa hankali ba. Tolcha ba ya karanta harshen addu'ar, abin da ya sani shi ne ja ya hau daidai kada ya taka baƙi, kuma ya hau daidai. Aka buga, aka ninke, aka ɗinke, aka sa bango.

Ranar Litinin Gashe ya dawo. Ya wanke hannu, ya ɗauki na sama, ya sumbace shi, ya fara buɗawa yana zagaya ɗakin yana motsa baki. A shafi na sha huɗu ƙafarsa ta tsaya. A ƙarshen wani layi akwai fili, a farkon layin da ke biye ma akwai fili. Sunan Maryam ne ya kamata ya zauna a wurin, rabi a sama rabi a ƙasa. Babu shi da ja, babu shi da baƙi. Ya ci gaba da buɗawa da sauri har takarda na ƙara. Duk inda sunan ya faɗo a bakin layi ya rabu biyu, ya ɓace. Wuri ashirin da uku, a kowane littafi.

Nan take na gane.  Da ya ja Tolcha suka shiga ɗakin baya duba farantai, na yi abin da har yau nake jin kunyarsa fiye da na farkon: na cire sabuntawar, na mayar da tsohuwar manhaja yadda ya bar ta.

Ya fito ya ce in sake fitar da shafi na sha huɗu. Na fitar. Ga sunan nan ja wur, rabi a sama rabi a ƙasa, lafiya lau. Ya ce in fitar da wani. Shi ma haka. Ya riƙe takardar da hannu ɗaya, littafin da ɗayan, yana kallon wannan yana kallon wancan.

"An taɓa wani abu?"

"A'a, Gashe."

"Na'ura na da shi. Na duba sau uku da idona. Faranti ba shi da shi." Sannan ya ce da wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba, "Maryam ta ƙi karɓa."

Tolcha ya ce, "Haba Gashe, wace irin magana ce wannan? Na'ura ce fa, wani lokacin aljanunta ke tashi."

"Na'ura ta bar sunan Allah, ta bar na Jibrilu, ta zaɓi nata kaɗai? Shekara bakwai na bar ta tsaye. Ta janye sunanta daga kayana."

Ya zaro waya ya kira Sinidu. Ta ce lafiyarta ƙalau. Bayan awa ɗaya ya sake kira.

Sake bugawa ba ta taso ba. Irin takardar babu ita a kasuwar Merkato gaba ɗaya, Tolcha ya zaga har ƙafarsa ta kumbura. Zubarwa ma ba dama. Takardun da suka lalace a wurinmu masu sayar da soyayyen sha'ir muke ba su ƙunsa wa mutane, amma wa zai ƙunsa sha'ir da sunan Allah? Saura kwana tara ya hau mota zuwa ƙauyensu. Da rana tsaka ya fita, ya dawo da kwalbar jar tawada da kara, ya fiƙe alƙalami kamar yadda aka koya masa yana yaro. Littafi ɗari uku, gurbi ashirin da uku-uku. Ya jawo kujerar da ban taɓa ganinsa a kanta ba ya zauna. Wallahi ganinsa a zaune ya fi ihunsa tayar mini da hankali.

Zaman ma ba zama ba ne. Ƙafarsa na rawa a ƙarƙashin tebur, ya rubuta uku ya duba waya, ya rubuta biyu ya miƙe ya leƙa titi kamar ana kiransa. Hannun ɗan shekara sittin da tara ba ya biyayya, wani harafin sai ya riƙe tsintsiyar hannunsa da ɗaya hannun kafin ya ja shi. Na ce in taya shi, ya ce bakancensa ne. Abincin injera da miyar shiro da Sinidu ke aiko masa Tolcha ke cinyewa da yamma. A kwana uku littafi hamsin da 'yan kai ya gama, ko yaro ya san ba za a kai ba.

Ran na huɗu ya ɗago ya daɗe yana kallona.

"Ku ma kuna girmama ta, ko?"

"Sura guda gare mu da sunanta, Gashe."

"To wanko hannunki."

Ya fiƙe mini nawa alƙalamin, ya nuna mini yadda zan kwantar da shi don kaurin ya yi daidai da na inji. Muka zauna muna fuskantar juna. Ina rubuta sunanta, yana ce mini, "Allah ya yi miki albarka, 'yata, da ba ki nan da na shiga uku." Kowace albarka kamar ya watsa mini ruwan zafi. Sau nawa na buɗe baki, sai in ga yadda yake kallon wayar nan, in ce bari dai mu gama. Ƙarya nake yi wa kaina. Tsoron idonsa nake ji, ba komai ba.

Da na ga abin zai kashe ni, na rubuta wa masu manhajar. Wani malamin jami'a mai suna Hiruy ya ba ni amsa a ranar. Bai yi wata kwana-kwana ba. Ya ce shi ya canza yadda ake raba kalma a ƙarshen layi don gyaran lissafin nan, bai kawo a ransa cewa abin zai shafi ja ba. Ya ce su uku ne ke riƙe da aikin, kowa da wasiƙarsa ko takardar jarrabawarsa yake gwadawa, in ta fito daidai sai su saki. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa buga littafin addu'a. "Kin ce dattijon yana da shafukan gwaji? Don Allah turo mana su. Za mu sa na'ura ta riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya kafin mu saki komai. Mutum fiye da ɗari sun sauke wannan sabuntawar, ban san nawa ne ke buga irin naku ba."

Da Gashe ya fita sayo tawada na buɗe koriyar jakar, karo na farko tun da ya haɗa ta. Shafi na ashirin da bakwai: sunan Maryam a bakin layi, rabi sama rabi ƙasa, da rubutun fensir ɗinsa a gefe, "A duba wannan da kyau." Tun shekara shida da suka wuce ya hango ramin da na faɗa. Na ɗauki hoton shafukan duka na tura. Kashegari suka janye sabuntawar, kuma har yau ba sa sakin wata sai ta haye shafukan nan arba'in. Amma wannan bai cire ko gurbi ɗaya daga gabanmu ba, bai kuma sa Gashe ya ci abinci ba.

Ran na takwas da la'asar muka cika gurbi na ƙarshe. Yatsuna sun yi kanta, nasa sun ƙage ba sa miƙewa. Tolcha ya tafa ya ce a kawo kofi. Gashe ko murmushi bai yi ba.

"Hannu ya cika gurbi," in ji shi. "Amma wanda ya mayar maka da kyautarka, don ka sake naɗe ta sai ya karɓa? Zan ajiye su a bakin ƙofar coci in juyo. Ba zan shiga ba."

"Gashe, ku da kuka yi shekara bakwai kuna—"

"Yarinyar nan kawai nake tunani. In hukunci ne, ya tsaya a kaina."

Da sassafe ni da Tolcha muka raka shi tashar mota. Hayaniya, hayaƙi, masu ɗauko kaya na ture mutane. Ya hana a ɗora kwalayen a saman mota sai da aka lulluɓe su da leda biyu, ya hau tsani da kansa ya taɓa igiyar, ya sauko, ya sake hawa. Idanunsa sun faɗa. Ya zaro waya zai kira Sinidu karo na uku tun asuba, na riƙe masa hannu.

"Gashe, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ranar da kuke makoki na saka sabuntawa. Ban yi gwajin ba. Ita ce ta cinye sunan. Da kuka shiga duba farantai na cire ta don kada ku gane. Masu manhajar sun tabbatar, ga wasiƙarsu."

Bai kalli wayar da na miƙa ba. Ya damƙe mini tsintsiyar hannu da yatsun nan nasa da suka ƙage.

"Sake faɗa."

"Ni na saka."

"Da hannunki kika danna?"

"Da hannuna."

"Ba ita ba ce?"

"Ba ita ba ce, Gashe. Ni ce."

Ya sake ni. Ya dafa jikin motar, kafaɗunsa suka fara girgiza, na kasa gane dariya yake ko kuka sai da na ga hawaye na bin gemunsa yana dariya. Ya ɗaga fuska sama yana maimaita wasu kalmomi na addu'a, mutane na ratsa mu da buhuna. 

Sannan Gashe ya share fuska da gefen mayafinsa ya juyo gare ni.

"Kwana tara, Lubaba." Bai ce 'yata ba. "Farantan ba komai ba ne, kowa na kuskure. Amma kwana tara kina zaune a gabana, kina ji ina kiran yarinyar nan."

 Direba ya danna oda. Gashe ya hau, ya ratsa mutane ya samu wurinsa, ya turo gilashi ya leƙo da kai.

"Tolcha! Wuce gidan Sinidu yanzu-yanzu. Ka ce mata ta ci abinci ta kwanta ta huta. Ka ce mata zan shiga har ciki, ni da kaina zan miƙa su."

"To, Gashe! Allah ya kiyaye hanya!"

Motar ta ja. Na ɗaga hannu na bi ta da 'yar sassarfa har bakin ƙofar tasha. Yana ta ɗaga wa Tolcha hannu, ni bai kalle ni ba.